Motar da Aka Hana Ni Taɓawa

Masu karatu, yau da haushina na zo. Duk wanda ya san zai ce min "Vicky, ki yi haƙuri," ya riƙe haƙurinsa tukuna har in kai aya. Haƙurin da na yi na wata uku shi ya tsayar da ni a bakin titin da ke zuwa Abuja cikin leshi mai ruwan madara, ina kallon wani ƙato yana shirin kwance injin da lafiyarsa ƙalau.

Ga waɗanda yau suka fara bina: sunana Vicky, shekarata ashirin da takwas, kuma kanikanci ne sana'ata. Ba mai sayar da ruwan sanyi a ƙofar gareji ba. Ni ce wadda za ka ga ƙafafunta sun leƙo daga ƙarƙashin mota a garejin Oga Isiyaku da ke Sabon Tasha. Shekarata tara a wurin. Mota in ta shigo, kafin direba ya kashe ta na riga na ji rabin ciwonta da kunnena.

Wilson kuwa shi ne mutumin da nake so, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son sa sosai. Ma'aikacin gwamnati ne, mai karin guga a wando ko da ranar Asabar. A ƙungiyar mawaƙan cocinmu muka haɗu. Ya san sana'ata tun ranar farko, don da ya karɓi lambata ya ga baƙin da ke gefen farcena, ya tambaya, na faɗa masa. Har dariya ya yi ya ce na burge shi. Sai da maganar zuwa gaida mahaifiyarsa a Kakau ta taso sannan burgewar ta ƙare.

"Mama tsohuwa ce, Vicky, ba za ta gane ba," ya ce min. "Kin san Babana babban ma'aikaci ne a masaƙa kafin ya rasu, gidanmu akwai yadda aka saba. Ki ce mata a shagon kayan mota kike zama. Bayan biki sai mu san yadda za mu lallaɓa ta."

Na kai ƙara wurin Anti Patience, ƙanwar mahaifiyata wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara goma, ina tsammanin za ta tayar da ƙura. Ina! Tsaki ta ja min.

"Ke dai ki shiga gidan tukuna. Sa'o'inki duk sun yi yaye biyu, ke kina nan kina rungumar sifana. Shago aka ce ki ce, ba sata ba."

To ga abin da ya fi ci min rai. Wilson yana da tsohuwar motar mahaifinsa, marigayi Baba Joseph. Motar ta girme ni, shi ya sa ake ce mata Kaka. Tun bayan Ista Kaka take ciwo. A tsaye tana aiki lafiya lau, a cikin gari ma in ana tafiya a hankali ba ka jin komai. Amma da zarar an taka totur da ƙarfi sai ta fara misin, tana fizga, tana tari ta salansa, ƙarfinta ya zube. Gareji uku ya kai ta. Na farko ya canja fulogi, na biyu ya canja famfon mai, na uku ya canja kwayil da wayoyi ya kuma ce masa man da yake sha ne ba kyau. Ni da nake zaune a gefensa kullum Lahadi, ni aka hana in ko ɗaga bonet.

"Rabin mutanen layinku sun san Mama," in ji shi. "Kina taɓa motar nan, labari ya isa Kakau."

Ku auna min wannan. Kamar a ce mai jego tana jin jariri yana kuka a bayanta, an ce kar ta waiwaya.

Ranar Juma'a Anti ta jiƙa hannuwana a ruwan ɗumi da garin sabulu da lemun tsami, ta dirje su da soso har suka yi ja. Daga nan ta ja ni shagon gyaran gashi aka manna min farcen roba guda goma, dogaye, ruwan hoda. Ko zip ɗin jakata na kasa ja. Asabar da safe aka saka ni cikin leshin da na faɗa muku, aka naɗa min gwaggwaro da ya matse min kunne, ga takalmi mai tsini. Ina gaban madubi saƙon Wilson ya shigo.

"Baby na taso. Please ki tuna maganarmu. SHAGO."

Da manyan baƙaƙe ya rubuta, wai kar in manta. Minti biyu sai ga wani.

"Kuma in Kaka ta yi halinta a hanya, abeg ki yi shiru."

Na rubuta masa amsa mai tsawo, na goge. Na tura masa "To."

Gwaggwaron Anti ya ci mana kusan awa guda, don haka a makare muka fita, Wilson yana tuƙi, ni a gefensa, Anti a baya. Muka bi ta Romi, Kaka tana tafiya salin-alin saboda cunkoson keke mai ƙafa uku da ƙananan bas. Muna hawa babban titi Wilson ya duba agogo ya ba ta wuta. Wata tirela ce a gabanmu, ya fita zai wuce ta. Mun kai daidai tsakiyarta Kaka ta shaƙe. Ta fizga sau uku, ta yi wani tari fat-fat-fat, gudunta ya mutu. Ga wata doguwar bas a bayanmu tana danna hon kamar za ta hau kanmu.

"Yesu! Yesu! Jinin Yesu!" Anti ta riƙe wuyan kujerata tana ihu.

Da ƙyar Wilson ya koma bayan tirelar, ya gangara gefen titi a Gonin Gora, kusa da masu gasa masara. Na waiwaya na ga baƙin hayaƙin da muka bari a baya, hancina kuma ya cika da warin ɗanyen fetur. Na buɗe baki, Anti ta mintsine ni a kafaɗa ta baya. Na rufe.

Akwai wata rumfar kanikanci a wurin. Mai ita, wani ƙaƙƙarfa da ake kira Friday, ya taso yana goge hannu. Ya sa Wilson ya taka totur sau biyu, ya karkata kai kamar likita, ya girgiza shi.

"Oga, injin ɗin nan ya gaji. Ring ya tafi, wataƙila har da gasket. Sai an sauke shi. Ka bar ta nan kwana uku."

"Ba wata dabara?" in ji Wilson. "Motar Babana ce. Tun da ya saye ta ba a taɓa buɗe injin ɗinta ba."

"To yau za a buɗe. In kuma ka gaji da ita, ina da mai saye, a yanka ta a sayar da kayan."

A yanka Kaka! Na dubi Wilson, ina jiran ya juyo ya ce, "Vicky, me kika gani?" Kalma huɗu kacal. Mutumin nan ya san wadda ke zaune a motarsa. Amma sai na ga ya zaro makulli daga jikin sitiyari yana shirin miƙa wa Friday. Ya gwammace a farke cikin motar ubansa da a ga budurwarsa ta riƙe sifana a bakin titi. Nan na ji in ban yi magana ba zan fashe.

Na buɗe ƙofa na fito.

"Oga Friday, zaro min fulogi ɗaya in gani."

Ya dube ni tun daga gwaggwaro har takalmi, ya yi dariya. "Madam, koma ki zauna, rana za ta narka miki hoda."

"Fulogi na ce."

"Vicky!" Wilson ya kira ni ƙasa-ƙasa. "Mun yi magana fa."

"Kai ka yi magana. Ni 'to' kawai na ce."

Na kai hannu zan ɗauki sifanar fulogi daga tiren Friday, farcen roba ya hana ni kama ta. Sai na ɗauki filaya na fara ɓalle su ɗaya bayan ɗaya. Akwai zafi, kar wanda ya ce muku babu. Anti ta fito daga mota da hannu biyu a ka.

"Wayyo farcen! Vicky, kin kashe ni! Yarinyar nan ba za ki yi aure ba!"

Na cire gwaggwaron na miƙa mata. Kunnuwana suka buɗe, na ji duniya sarai.

Bari in ɗan koya muku abin da Oga Isiyaku ya koya min a shekarata ta farko. Injin abu uku yake ci: mai, wuta, iska. In yana aiki a tsaye amma yana shaƙewa in an ba shi wuta, to ɗaya daga cikin ukun ne ba ya isarsa a lokacin da ya fi buƙata. Fulogi kuma ba ya ƙarya. Na zaro na farko. Sabo ne, amma bakinsa ya yi baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya kamar gindin tukunya. Na shafa a yatsa na nuna wa Friday.

"Ka ga baƙin mai a nan? In ring ne ya tafi, da fulogin nan a jiƙe yake yana maiƙo. Wannan a bushe yake. Fetur ne ya yi mata yawa, ba ta iya ƙone shi. Wanda ya canja famfon mai ma wahalar banza ya yi."

Dariyar Friday ta ɗauke. Na mayar da wayar a kan fulogin, na jingina shi da jikin injin, na ce wa Wilson ya tayar. Ya tsaya yana waige-waige, yana duba ko akwai wanda ya san shi a cikin masu sayen masara.

"Ka tayar na ce!"

Ya murza makulli. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya, tas-tas. Mai yana nan, wuta tana nan. Na ɗaure fulogin, na dafa baƙin akwatin da mota ke shaƙar iska ta cikinsa.

"Wa ya buɗe wannan a cikin masu gyaranka?"

"Ba kowa," in ji Wilson. "Filtar sabuwa ce, na canja ta ana saura mako ɗaya Ista. Duk na gaya musu kar su ɓata lokaci a nan."

"Kuma yaushe ciwon ya fara?"

"Bayan Ista... ranar da na dawo daga Kakau."

Na kwance babban bututun da ya fito daga akwatin zuwa injin, na ture shi gefe don ta sha iska kai tsaye. Na ja wayar totur da hannuna har ƙarshe. Jama'a, Kaka ta yi wani rugugi mai daɗi, tsaf, ba tari ba fizga, har masu masara suka juyo. Tsigar jikina ta tashi. Wata uku ina jiran in ji wannan muryar.

Na ɓalle maƙalai huɗu na murfin akwatin, na ɗaga. A kan filtar, wadda take sabuwa fil kamar yadda ya faɗa, wani hankici ne a shimfiɗe. Da fari ne, yanzu ya yi toka-toka, tsakiyarsa ta tsotse ta yi tsini. Yana ƙanshin man zaitun. In ana tafiya a hankali yana kwance abinsa. Da an taka totur injin ya ja iska da ƙarfi, sai ya tashi ya manne a bakin bututu ya toshe shi. A gefensa an ɗinka suna da shuɗin zare: Joseph.

Friday ya tafa hannu. "Kai! Madam, a ina kike aiki?"

"Garejin Oga Isiyaku, Sabon Tasha."

"Ke ce Vickyn da ake faɗa? Wallahi na ji labarinki! Sorry, Madam, na yi kuskure."

Wani ƙato da bai taɓa ganina ba ya ba ni girmana a gaban jama'a. Na juya wurin wanda zai aure ni. Idonsa yana kan hankicin.

"Na Babana ne," ya ce. "Mama ce. Da Ista tayata ta fashe a hanya, ta ce za ta yi wa motar addu'a. Ban san a nan ta sa ba." Ya dube ni. "Vicky, ki mayar da shi."

Na ɗauka kunnena ne.

"In mayar da me?"

"Ki mayar yadda yake. In ta duba ba ta gan shi ba za ta tambayi wanda ya cire. Mu lallaɓa a hankali, Kakau ba nisa."

"Ɗazu bas ta kusa taka mu saboda ƙyallen nan, Wilson. Da Antina a ciki."

"To ki mayar mana, me zai ragu a jikinki?" in ji Anti, wadda minti ashirin da suka wuce take kiran jinin Yesu.

Na rufe akwatin, na ɗaure bututu, na ninke hankicin na sa a jakata. Gaban leshina ya riga ya sha baƙin mai, yatsuna biyu suna jini inda farce ya ɓalle da nama. Har muka isa Kakau Kaka tana gudu kamar yarinya.

Mun tarar da Maman Wilson a ƙofar gida, 'yar siririyar tsohuwa da zanen Zumuntar Mata, tana tsaye a gefen gonar masararta. Ba mu ta fara kallo ba. Kunne ta kasa wa motar har Wilson ya kashe.

"Muryarta ta dawo," ta ce. "Wa ya taɓa motar mijina?"

Ina tsaye a gabansa, da baƙin hannu, da ɓataccen leshi, Wilson ya buɗe baki ya ce, "Wani bakanike ne a Gonin Gora, Mama. Vicky kuma ta jingina da motar ne kayanta suka ɓaci."

Wannan ita ce maganar da ta ƙona ni. Na durƙusa har ƙasa, na zaro hankicin na miƙa da hannu biyu.

"Ina kwana, Mama. Ni ce na taɓa ta. Ni bakanikiya ce, ba a shago nake zama ba. Wannan na samu a akwatin iska, shi yake shaƙe ta in an ba ta wuta. Ki yafe min in na yi laifi, amma ba zan iya mayar da shi ba."

Anti ta saki wani ƙaramin nishi a bayana. Mama ta karɓi hankicin ta daɗe tana kallo.

"Ashe ni na shaƙe ta," ta ce a hankali. "Baban Wilson yakan ce nan ne hancinta. Na ce bari addu'a ta shiga ta inda take numfashi." Ta yi 'yar dariya, hawaye na taruwa a idonta. Sai ta kamo hannuwana duka biyu ta juya su, ta shafa gefen farcen da babban yatsanta. "Shekara talatin da ɗaya ina zuba wa hannu irin wannan ruwa. Mijina bakaniken masaƙa ne a Kakuri. Ni nake taka masa birki in yana gyara a gida."

Na ɗago na dubi Wilson. Babban ma'aikaci a masaƙa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli.

"Mama, na ɗauka ba za ki so..."

"Ka tambaye ni? Yaushe ka taɓa tambayata?" Muryarta ta tashi. "Da baƙin hannu aka ciyar da kai har ka san guga. Tun kana sakandare kake hana Babanka zuwa makarantarku da kayan aiki, ka ɗauka ban sani ba? Tashi, 'yata, shigo ciki."

Wato duk wata ukun nan, da lemun tsami, da farcen roba, da SHAGO da manyan baƙaƙe, ba don tsohuwar nan ba ne. Ita ko a jikinta. Kunyar tasa ce shi kaɗai, ya rataya wa mahaifiyarsa.

Mama ta zaunar da ni a kan kujerar mijinta, ƙarƙashin hotonsa, ta shafa min man zafi a yatsu, ta zubo min faten acca da yakuwa a kwanon da ta ce ba kowa take ba wa ba. Anti Patience, wadda ɗazu ta ce ba zan yi aure ba, ta gyara zama tana ba da labari wai ita ce ta kai ni koyon aiki da hannunta. Wilson ya ƙi shigowa, yana waje wai yana goge gilashi.

"To, Vicky," in ji Mama, "ni na ga 'ya. Wace rana zan turo kawunnansa wurin manyanku?"

Anti ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Daidai nan wayata ta yi ƙara. Wilson ne, daga bakin taga.

"Baby kin ga komai ya tafi daidai, thank God. Sai dai please mutanen ofis kar su ji tukuna. Ranar biki mu ce musu shago."

Na karanta sau biyu. Kuka bai zo min ba, ihu ma bai zo ba, wani sanyi kawai na ji ya sauko min har tafin ƙafa. Ina son mutumin nan, na faɗa muku tun farko. Amma hannuwan nan biyu su ne da ni, kuma ba zan iya ajiye su a gida duk ranar da zai fita da ni ba.

Na juya wayar na miƙa wa Mama.

"Mama, ki karanta wannan kafin in ba ki amsa."

Ta ɗauko tabaraunta daga kan Littafi Mai Tsarki, ta karanta a hankali tana motsa leɓe. Ta cire tabaraun ta ninke, ta ajiye a kan hankicin mijinta.

"Ci abincinki, 'yata," ta ce. Sannan ta juya wajen taga, da wata murya da ta sa kajin tsakar gida suka watse. "Wilson! Ajiye tsumman nan ka shigo."

Anti tana ta ƙifta min ido, tana nuna min in ce wani abu, in gyara, in sa rana. Ni kuwa na ja kwanona na ci gaba da shan fatena da baƙin hannuna, ban ba kowa rana ba.